Fatsar tirawut a Ingila: ka biya kuɗi, ka kama kifi, a ce ka sake shi?

Ɗan Yawuri:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar kamun kifi a nan Birtaniya. Wani Bature abokin aikina ne ya ja ni na yi rajista da ƙungiyarsu ta masu fatsa a nan Yorkshire. Suna da dam biyu da suke haya, da wani yanki na kogi a kwarin Wharfe. Tirawut, wani kifin ruwan sanyi, shi kaɗai ake kamawa, kuma da ƙwaron gashi kawai, wato ƙugiyar da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. Ba tana, ba burodi, ba komai mai rai. Ga Afrilu ta kama, kowa sai zumuɗi yake yi. Tambayata biyu ce. Da dam ya kamata sabon shiga ya fara ko da kogi? Ta biyun ita ta fi tsaya mini a rai: a takardar dokokinsu an rubuta duk kifin da ka kama a kogi sai ka mayar da shi ruwa. Ni da na tashi ina taya babana duba mamari da asuba, wannan magana ta ƙi zama a kaina.

Kawu na Bristol:
Wa alaikumus salam ɗana. Barka da shigowa, Allah ya sa da rabonka a ruwa. Kafin maganar dam ko kogi, ka yanki lasisi? Katin ƙungiya daban, lasisin gwamnati daban. A Ingila da Wales duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin sanda daga hukumar kula da muhalli, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500. Jami'ansu suna yawo bakin ruwa, ba sa jin "ban sani ba".

Ɗan Yawuri:
Na yanka Kawu, tun ranar da na karɓi katin. Allah ya ƙara girma.

Na Glasgow:
Ku taho nan Sikotilan ku huta. Mu ba a yankar lasisin sanda, izinin mai ruwa kawai ake nema. Kuma tun 15 ga Maris aka buɗe mana tirawut, sai 6 ga Oktoba za a rufe.

Kawu na Bristol:
Kai ka huta da lasisi, amma ba ka huta da sanyi ba. Ɗan Yawuri, ka fara da dam, kar ka saurari masu zuga ka. Dalili ɗaya shi ne fili. A wannan fatsar ƙwaron ba shi da nauyi ko kaɗan, igiyar ce mai nauyi, ita kake wurgawa baya ta miƙe sannan ka turo ta gaba. A kogi bishiyoyi ne a bayanka, rabin yininka zai ƙare wajen ciro ƙugiya daga reshe. A dam kuwa sai ka zaɓi inda babu komai a baya ka koya a tsanake. Na biyu, a farkon bazara kifin da aka zuba bai watse ba tukuna, yana zagaye kusa da gaɓa garke-garke, ba sai ka yi jifa mai nisa ba. Sanda mai ƙafa 10 lamba 7, wato lambar nauyin igiyar da take ɗauka, ita ce ta dam, ta kogi kuma ƙafa 9 lamba 5 ko ƙasa da haka. Ka sa tabarau da hula ko da rana ba ta fito ba. Iska na iya dawo maka da ƙugiya a fuska, ido kuwa ba a sake shi.

Maman Biyu:
Ni fa ku yi haƙuri in tsoma baki. Maigidana ma wannan cutar ta kama shi. Kuɗin ƙungiya, kuɗin lasisi, wandon roba mai haɗe da takalmi, akwatin ƙwari kamar na mai sayar da 'yan kunne. Ya fita tun bayan sallar asuba ya dawo da magariba jiƙe sharkaf, in ce ina kifin, sai ya miƙo mini waya in ga hoto. Hoto zan saka a miya?

Na Glasgow:
Hajiya kin gama magana wallahi. Allah ya ba ki haƙuri.

Injiniyan Ruwa:
Hajiya, ki tambaye shi a ina yake zuwa. In kogi ne, to hoton ne rabonki. In dam ne ya kamata ki riƙa ganin kifi, domin yawancin ƙungiyoyi suna barin mutum ya ɗauki biyu ko fiye a yini, gwargwadon tikitinsa. Kuma nan amsar tambayar Ɗan Yawuri take, kifin dam da na kogi ba abu ɗaya ba ne.

Wanda ake zubawa a dam galibi mai ratsin ja ne a gefe, asalinsa daga yammacin Amurka ta Arewa, a shekarun 1880 aka shigo da shi Birtaniya. A gona ake kiwonsa, a kawo shi cikin tankar mota ya kai kusan kilo ɗaya, a juye. Kuɗin da mambobi suka biya ne ya sayo shi, in ya ƙare a sake sayo wani. Da wuya ya hayayyafa a ƙasar nan, in ka cire wurare ƙalilan irin kogin Wye na Derbyshire. Cin sa ba ya rage komai.

Na kogi kuwa mai ɗige-ɗigen baƙi da ja ne, ɗan ƙasa. Uwarsa ce ta tona tsakuwa da wutsiya tsakanin Nuwamba da Janairu ta zuba ƙwai ta rufe. Kogunan tudu irin na Yorkshire ruwansu da sanyi, abinci kaɗan, kifin da ya kai taƙi ɗaya ya yi shekara uku yana fama. Ka ɗauka ƙungiya tana da mutum ɗari biyu, kowa ya tafi gida da manya biyu duk zuwa. Kafin kaka babu mai zuba ƙwai.

Ɗan Yawuri:
To me ya sa ba za su zuba na gona a kogin ba kamar yadda suke yi a dam?

Injiniyan Ruwa:
Wasu ƙungiyoyin suna yi, amma da yawa sun daina. Na gona bai san zaman kogi ba, ambaliya ɗaya ta kwashe shi, kafin nan kuma ya takura wa 'yan ƙasa. In ya yi barbara da su sai jinin ya raunana. Shi ya sa tun 2015 doka ta ce irin na gida da aka kiwata a gona, in za a zuba shi a kogi, sai wanda ba ya haihuwa. Ƙwan ake matsawa da ƙarfin inji jim kaɗan bayan ya haɗu da maniyyi, kifin ya tashi juya. Ba a ƙara masa ƙwayar halittar wata dabba ba, kafin wani ya tambaya.

Almajirin Malam:
Duk na ji bayanin injiniya, amma bai taɓa inda yake damuna ba. Cin kifi halal ne, Allah ya halatta mana farautar ruwa a cikin Suratul Ma'ida, babu jayayya. Abin tambaya shi ne mutum ya fito daga gida da niyyar ba zai ci ba, ya huda bakin dabba, ya ja ta tana fizge-fizge har ta galabaita, ya ɗauki hoto, ya sake ta, don nishaɗi kawai. Akwai hadisi ingantacce da ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada harbi. Ni ban ce hukuncinsu ɗaya ba, ba ni da wannan matsayin, amma zuciyata ba ta kwanta ba. In kogin ba zai ɗauki a ci kifinsa ba, a bar shi mana ya huta.

Kawu na Bristol:
Malam, maganarka tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Sai dai ka duba wani abu. Kogin da babu masu fatsa a kansa, wa yake tsaron sa? Su ne suke fita ranar Lahadi suna dasa itatuwa a gaɓa, suna killace shanu kar su tattake bakin ruwa, suna ƙirga ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu wata-wata don a gane in an zubo guba. In ruwa ya canza launi mai sanda ne yake fara buga waya. Ka kore su ka ce kogi ya huta, ba hutawa zai yi ba, marayan ruwa zai zama.

Almajirin Malam:
Kawu, ai ana iya dasa itace ba tare da an huda bakin kifi ba.

Kawu na Bristol:
Ana iyawa. Nuna mini masu yi.

Injiniyan Ruwa:
Don kar a ɗauka mu kaɗai ne wannan ya dama: a Suwizalan tun 2008 dokarsu ta hana mutum ya yi fatsa da niyyar sakin kifin tun farko. A Jamus ma dokar kare dabbobi ta ce ba a wahalar da dabba sai da ƙwaƙƙwaran dalili, an kuma sha gurfanar da masu kamawa don hoto. Su a wurinsu ci shi ne dalili. Ingilishi kuma suna ganin saki shi ne mutunci. Turawan ma kansu bai haɗu ba.

Maman Biyu:
Ashe Jamus ya kamata mu koma.

Basarke daga Argungu:
Ina biye da ku daga gida. Ɗan Yawuri, kai ɗan ruwa ne, bai kamata hana kamu ya zame maka baƙon abu ba. Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi a koginmu na Argungu, rufe take duk shekara, ba mai jefa homa sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai an taru a ɗaga. Tun 1934 ake bikin nan a haka. Kakanninmu sun san ruwa yana gajiya. Yanzu je ka wasu wuraren ka ga abin takaici, ana jan gidan sauro a ruwa ana kwashe 'ya'yan da ba su kai yatsa ba, wasu ma gamalin suke zubawa. Ni da za a samu dokar da za a bi irin ta ƙungiyarku, da na yi murna. Amma gaskiya in na riga na kama, sunan wannan kifi miya. A nan ina tare da Malam.

Ɗan Yawuri:
Yaya Basarke, rufe ruwa na gane shi, nan ma sai 25 ga Maris aka buɗe mana kogi, a rufe ƙarshen Satumba. Sakin ne dai. Amma bari in tambaya, wanda aka saka ɗin yana rayuwa kuwa? Ko dai ya je ya mutu a ƙasa ba wanda ya gani?

Kawu na Bristol:
Ya danganta da hannun da ya kama shi. Na farko ka matse kunnen ƙugiya da filaya, ko ka sayi marar kunne, tana fita da kanta da ka sassauta zare. Kuma kifin da ya ɗauki ƙwaron gashi a leɓe yake kamuwa, yana jin ba abinci ba ne zai tofar, ba kamar tana ba da yake haɗiyewa har ciki. Wannan na cikin dalilan hana tana. Kar ka ja shi da wasa har ya gaji, ka kawo shi da wuri cikin 'yar koma mai laushi. Ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, busasshen hannu yana goge yauƙin jikinsa, ciwo ya shiga. Kar ka ɗora shi a kan duwatsu. Ka riƙe shi cikin ruwa kansa yana kallon inda ruwa ke gangarowa, za ka ji kumatunsa suna buɗewa suna rufewa a tafinka, can sai ya buga wutsiya ya ƙwace. In ka ga jini yana fita ta kumatu, wannan ba zai yi rai ba. A dam sai ka buge shi a ka nan take da ɗan kulkin da ake ratayawa, ka sa a jaka.

Injiniyan Ruwa:
Ƙari a kan na Kawu, sanyin ruwan bazara yana taimakawa, ruwan sanyi ya fi riƙe iskar shaƙa. Da zafin ruwa ya doshi digiri 20 a Yuli ko Agusta, saki ba ya hana mutuwa, ƙungiyoyi masu hankali rufe kogin suke yi. Sannan a wannan watan a kula da inda ake taka ƙafa. Ƙananan da aka ƙyanƙyashe suna cikin tsakuwar wuraren da ruwa bai da zurfi.

Na Glasgow:
Mu koma kan kamun, kar yaro ya je ya wuni yana wanke igiya. A kogi a Afrilu ba a sammako. Wannan ne abin da mutanenmu suka kasa yarda da shi, mun saba kifi na asuba ne. Nan da safe ruwa ƙanƙara ne, ba abin da ke motsi. Ka isa wajen sha ɗaya, ka zauna ka zuba ido. Tsakanin sha biyu da biyun rana wani ƙwaro mai launin ganye-ganye da fukafukai masu ruwan toka a tsaye zai fara fitowa, musamman ranar da hadari ya rufe ana yayyafi. Sai ka ga wurin da ka rantse babu kifi ya fara yin zobe-zobe. Wani lokaci rabin awa ne kacal a ɗauke. Wanda ya tafi cin abinci a lokacin ya yi asarar yininsa.

Kawu na Bristol:
Haka ne. Kuma kai da kake Yorkshire, ka nemi tsofaffin ƙungiyarku su nuna maka ƙwarin gargajiyar yankin. Ba komai a jikinsu sai zaren siliki da zagaye ɗaya ko biyu na gashin tsuntsu mai laushi, akwai na ruwan lemo da gashin fakara, akwai na shunayya. Uku ake ɗaurawa a jere, a jefa gajere a bar ruwa ya tafi da su. A kogin Wharfe da Ure aka san su tun ƙarni na 19, har yau suna ci.

A dam kuwa abincin Afrilu da Mayu shi ne tsutsar wani sauron tafki marar cizo, suna ce mata baza. Daga laka take tasowa a hankali zuwa sama don ta fashe ta tashi, kifi yana bin ta yana tsinta. Ɗaurinta ba wuya: ƙugiya lamba 12, baƙin zare siriri tun daga lanƙwasa har wuya, ɗigon lemo biyu a kumatu, a shafe da man farce marar launi. Matsalar sabon shiga gaggawa. Ka jefa a gicciye da iska, ka bar iskar ta ja igiyar ta yi baka, kai dai kana tattara abin da ya saki da yatsu. Kar ka ja. Tsutsar nan ba ta gudu, in taka tana gudu kifi ya gane. In ya ɗauka ba sai an faɗa maka ba, igiyar za ta miƙe ta nemi fita daga hannunka. Na farkon da ka yanka, ka zura ɗan dogon cokali ta bakinsa zuwa ciki ka juya ka zaro, ka zuba a farin murfi da ruwa kaɗan. Abin da ya ci da safen nan zai baje a gabanka, wasu ma suna motsi. Ka duba girmansu da launinsu ka ɗaura mai kama da su. Mu a dam ɗin Blagdon da na Chew, nan kusa da Bristol, haka muke yi. Blagdon tun 1904 ake kamun tirawut a cikinsa, ba dabarar da ba a gwada ba, amma wannan ba ta tsufa.

Maman Biyu:
Kawu man farce kuma? Yanzu na gane inda nawa yake tafiya.

Na Glasgow:
Asiri ya tonu. Ɗan Yawuri, ka kuma tanadi baƙin ƙuda mai dogayen ƙafafu biyu a baya. Wajen 25 ga Afrilu yake fitowa a kan shingayen ƙaya, iska ta watsa shi ruwa, kifin dam da na kogi duk suna hauka a kansa. Sai ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni babban farin ƙwaron nan ya fito a kogunan da ke da laka. Kamar fitar gina bayan ruwan fari, tsuntsu na ci, kifi na ci, har manyan da ba sa leƙowa sama duk shekara sai ka gan su.

Injiniyan Ruwa:
Tunda za ka riƙa yawo tsakanin dam da kogi, ga dokar da mutane suke raina wa: ka wanke koma da takalmi da wandon roba, ka shanya su bushe ƙarau aƙalla awa 48 kafin ka shiga wani ruwan. A 2010 aka gano wani ɗan jatan lande mai cinye ƙwarin ruwa a dam ɗin Grafham, asalinsa daga yankin tekun Kasfiyan da Baƙin Teku, yana kwanaki da rai a cikin jiƙaƙƙen kaya. In ka ga baho da magani a ƙofar dam, ba ado ba ne, ka tsoma kayanka.

Almajirin Malam:
Na karanta duka. Na yarda akwai bambanci tsakanin mai tausasawa da mai wulaƙantawa, na kuma yarda ƙaramin da bai kai ba dole a mayar da shi, wannan ko a gida ana yi. Amma fita da niyyar saki tun daga gida, har yanzu ina nan a kan bakata. Zan kai wa malaminmu tambayar bayan darasin Asabar, abin da ya ce zan kawo muku yadda ya faɗa, ko ya saɓa wa ra'ayina.

Kawu na Bristol:
Madalla. Ka gaya masa duka fa, har da maganar masu tsaron kogin, kar ka kai masa rabi.

Ɗan Yawuri:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Zan tsaya a dam wannan watan, inda tikitina ya ba ni biyu. Kogin zan bi abokina in riƙe masa koma in ga fitar ƙwarin da idona, kafin Malam ya dawo da amsa. Hajiya, ya ake sarrafa shi? Na ga namansa ja-ja ne.

Maman Biyu:
Ranar da aka yi sa'a ya shigo gidan nan, ba na sa shi a miya, narkewa yake yi, ba tarwaɗa ba ne. A fede shi tun a bakin ruwa, a kankare baƙin jinin da ke manne da ƙashin baya da babban yatsa, nan ƙarnin yake. In ya iso ka tsaga gefensa, ka cusa citta da tafarnuwa da attaruhu da lemon tsami, ka naɗe a takardar gashi, minti ashirin a oven ya isa. Na ƙarshen bazara wani sa'in yana ɗan warin laka, shi sai an kwana da shi cikin gishiri a firji.

Basarke daga Argungu:
Ku dai ku banɗa shi ku aiko, mu gani ko ya kai ragon ruwa.

Admin:
Masu tura hoton kifi ku tura a ɗaya zauren, nan na tattaunawa ne. Wanda ke kusa da Leeds yana da mota ranar Asabar ya yi wa Ɗan Yawuri magana ta gefe, bas ba ya kaiwa dam ɗinsu.